Rijiyar da ta kama Abari

Ku samarin da ke dafa shayi a ƙofar gidana, na ji hirarku jiya da kamyon masu foraj, wato babbar motar masu huda rijiya da inji, ya wuce. Wai ginin rijiya ai rami ne kawai, duk mai ƙarfi ya iya. Ɗayanku har ya ƙara da cewa shi masu foraj ɗin zai bi, kuma ba ya bukatar wata takardar aiki tunda mai kamfanin abokin babansa ne. Maganar farko dariya ta ba ni. Ta biyun ce ta ɓata mini rai, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin aikin da na tsufa a cikinsa, in kun ga dama ku ɗauka.

Rijiyar farko da na sa wa hannu a wani kwari take, arewa da Kelle. Mahaifina ne ya kai ni wajen Baba Kiyari, wani tsohon Bamange mai ginin rijiya, ya ce masa ga Mamadu nan, ƙarfi gare shi amma ba ya jin magana. Baba Kiyari ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini igiya. Na yi tsammanin washegari zan sauka. Ina! Na yi shekaru ina jan guga ina zubar da yashi, ban taka ƙasan rijiya ba. In na yi gunaguni sai ya ce wanda bai iya riƙe ran wani a hannunsa ba, ba a ba shi nasa ya kai ƙasa. A bakin rijiya na koyi cewa igiya magana take. Da tafin hannunka za ka gane na ƙasa guga yake so, ko ruwan sha, ko kuwa fita. In ya girgiza ta da ƙarfi, ja ake yi, ba a leƙawa a tambaye shi me ya faru.

Kayan aikinmu ba su da yawa: dagi gajere, fartanya mai guntuwar ƙota don ka iya juyawa a cikin rami, guga, igiya, sai fitila da ake zurawa da safe a ga ko iskar ƙasa tana da kyau. In fitila ta mutu, ba mai sauka ranar sai an yi ta kaɗa ganyen kaba a ciki. Wahalar ba a kayan take ba, a ƙasar take. Ƙasarmu ta Gure yashi ce. A wasu garuruwan mai ginin rijiya da dutse yake faɗa, mu kuwa da abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da safe bango yana da laima, ya yi kyau kamar an shafe shi. Rana na ɗagawa ya bushe, ya fara zuba. A zamanin Baba Kiyari da itace da ciyawa muke ɗaure bango, rijiya ta yi shekara ko biyu ta rufta, a sake wata a gefenta.

Da siminti ya zo, aikin ya canza. Za ka haƙa kamar tsayin ƙirjinka, ka tsaya. Ka jera ƙarafa, ka kafa mul, wato farantan ƙarfe masu lanƙwasa da ake zuba siminti a bayansu, ka zuba, ka jira ya kama. Sai ka cire mul ka sake haƙawa. Haka za ka yi ta yi har ka ji yashi ya yi sanyi a tafin ƙafarka, ka san ruwa ya kusa. Duk sirrin aikin a jiran nan yake, kuma shi ne abin da ba wanda yake so. Mai rijiya ba ya so, ɗan kwangila ba ya so, kai kanka da ke zaune cikin rana ba ka so. Amma wanda ya wuce siminti da haƙa, ya bar bango tsirara a saman kansa, ya san abin da ya saya.

Masu ba mu aiki kuwa kala-kala ne. Na yi wa wani Bafulatani rijiya a gabas da Gidigir, na ce masa inda ya nuna ba ruwa kusa, mu matsa gangare. Ya ce a nan kakansa yake ɗaure maraƙi, a nan za a gina. Muka gina, muka sha wahala, ruwan ya zo da ɗanɗanon kanwa, shi kuwa ya ce shanunsa ma haka suka fi so. Tubawa ba sa ciniki da yawa, amma za su zauna a bakin rijiya tun safe suna kallonka har ka ji kamar bashi suke binka. Manoman Mangawa su ne masu ciyar da ma'aikaci, sai dai kowane tsoho a garin ya fi ka sanin inda ruwa yake.

Akwai al'adu biyu da na gada a wajen Baba Kiyari. Ta farko, maigida ne yake fara sauka kowace safiya kafin ya tura kowa. Ta biyu ita ce ta kawo wannan labari: mai ginin rijiya ba ya faɗin cewa rijiya ta kama mutum. In yashi ya danne wani, ko guga ya faɗo masa a ka, sai a ce raƙumi ne ya kayar da shi, ko ya faɗo daga amalanke. Dalili kuwa, rijiyar da aka ce ta taɓa jinin mutum, mata ba sa ɗiban ruwanta, makiyaya su kauce mata, wahalar gari duka ta tashi a banza. Ayarin da abin ya same su kuma ba mai sake kiransu. A zamanin da al'adar nan tana da amfani, domin maigidan da ya sauka tare da kai shi zai riƙe ka da iyalinka har ka mutu. Ba wanda ya zauna ya yi tunanin abin da za ta zama in maigida ya daina sauka.

Bayan rasuwar Baba Kiyari aikin rijiya ya koma hannun 'yan kwangila. Masu furoje, wato ƙungiyoyin raya karkara, su ba da aiki, ɗan kwangila ya karɓa, ya nemo mu. Wanda na fi daɗewa da shi wani Alhaji ne, ɗan gidan 'yan kasuwar Damagaram, mai kanti a kasuwar Gure. Ba zan ɓata shi ba, mutum ne mai kyauta. In matarka ta haihu shi zai kawo rago, da salla ya ɗinka wa kowa. “Yarana” yake ce mana, har ni da na fara furfura. Amma bai taɓa taka ƙasan rijiya ba, bai taɓa rubuta sunan ɗayanmu a wata hukuma ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Wa zai dubi mutumin da ya yanka wa ɗansa ragon suna ya ce masa ina takardata?

Ni ne shugaban ayari, amma wanda ya fi mu duka hannu shi ne Abari. Mutumin Bune ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya magana sai ta kama. In Abari ya haƙa rami, za ka rantse da ƙwarya aka auna zagayensa. Yana da mata, Falmata, da yara ƙanana, kuma ba shi da gona ko akuya. Hannunsa ne gonarsa.

A shekarar da damina ta tsaya da wuri, aka ba Alhaji rijiya a wani kwari kusa da Bune. Tabkuna sun ƙafe tun kafin kaka ta ƙare, makiyaya suka sauko suka kewaye mu da dabbobi, kullum suna tambayar yaushe. Muna tsakiyar aiki siminti ya yanke, kamyon da zai kawo ya lalace a hanya. Muka zauna. Ran nan da hantsi sai ga Alhaji da kansa, ya bar motarsa a kan tudu ya gangaro da ƙafa, fuskarsa ba daɗi. Masu furoje za su zo duba aiki, in ba su ga an yi nisa ba za su karɓe kwangilar.

Ya ce, “Mamadu, ku ci gaba da haƙa. In siminti ya zo sai a zuba gaba ɗaya.”

Na ce, “Alhaji, yashin nan ba ya jira. Ni ba ni sauka, kuma ba ni tura kowa.”

Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi. Sai ya juya wajen Abari, ya dafa kafaɗarsa, ya ce, “Abari ɗana, ka fitar da ni kunya. In aikin nan ya kuɓuce, da mi zan riƙe ku?”

Abari ya sunkuyar da kai, ya ɗauki daginsa. Na ce masa kada ya yi. Ya ce, “Yaya Mamadu, riƙe mini igiya kawai.” To, tunda zai sauka, ban yarda wani ya riƙe igiyar ba sai ni.

Ya haƙa ranar lafiya. Washegari ya wuce tsayinsa a ƙasa da siminti, Alhaji na zaune a inuwar goruba yana murna. Rana ta take tsaka sai na ji igiya ta girgiza a hannuna. Muka ja, amma bangon ya riga mu. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an kifar da buhun gero. Da ƙura ta lafa na hango kansa da hannu ɗaya, sauran duk yashi ya rufe, kuma wani farantin mul da ke jingine ya bi yashin ya danne masa ƙugu. Na ɗaura wata igiya na sauka. Ba a sa dagi kusa da mutum, da hannu da ƙwarya na yi ta yaye yashi, ina yayewa yana dawowa, sai da aka zuro mini rabin gangar ƙarfe na kewaye shi da ita. Tsoro ya kama ni ranar irin wanda ban taɓa ji ba. Abari bai yi ihu ba, salati kawai yake yi, har muka fito da shi.

Mota ba ta iya gangarowa kwarin. Alhaji ya tuɓe babbar rigarsa, ya durƙusa, ya ce a ɗora masa shi. Mutum mai ƙiba, wanda bai saba ɗaukar ko buta ba, ya goya Abari ya hau tudun yashin nan da shi yana kuka. Na gani da idona, kuma ba zan ce kukan ƙarya ba ne. Ni na tsaya don in tsare bakin rijiya kada dabbobi su faɗa, su suka wuce gidan likita na Gure. A can majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya tambayi Abari me ya same shi. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ƙifta masa ido. Ya ce daga amalanke ya faɗo, ƙafar amalanken ta bi ta kansa. Majo ya rubuta haka. Da labari ya zo mana a Bune ba wanda ya yi mamaki, don abin da aka koya mana ke nan.

Siminti ya zo, muka gama rijiyar, ruwanta garai. Abari kuwa ƙugu ya ɗoru a karkace, ƙafar hagu ta shanye. Mutumin da ke sauka rami kamar ƙadangare ya koma jan jiki da sanda. Da fari Alhaji ya yi ƙoƙari, hatsi na zuwa, magani na zuwa. Sannu a hankali abin ya fara ja baya, ba don mugunta ba, kasuwarsa ce ta fara tangal-tangal, kuma ciwon da ya daɗe mutane sukan saba da shi. Falmata ta fara surfe a gidajen mutane. In ta je kanti sai a ce Alhaji ya yi tafiya.

Maƙwabcina a lokacin wani malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Malam Isufu, ɗan sandika mai fafutukar haƙƙin ma'aikata, irin mutanen nan da ba a gama gaisuwa da su ba su kawo maganar doka ba. Da ya ji labarin daga bakina sai ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce duk wanda ya ɗauki mutum aiki, ko da baki ne ba takarda, doka ta ɗora masa ya rubuta shi a asusun ma'aikata, ya kuma tsare lafiyarsa a wurin aiki. Ya ce wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙin magani, in ya nakasa kuma a riƙa ba shi abin da zai rayu da shi, kuma wannan ba sadaka ba ce. Sai dai akwai wa'adi, in ya wuce shi ke nan. Na yi shekaru ina tsammanin dokar ƙwadago ta masu zama a buro ce, wato ofis, masu fanka da kujera, ashe har da mu da ke cikin rami.

Na sha fama kafin Abari ya yarda ya bi ni Damagaram. Falmata ce ta ƙarasa shi, ta ce in bai je don kansa ba ya je don yara. Malam Isufu ya shige mana gaba har ofishin sufetan aiki, aka aika wa Alhaji sammaci, aka sa rana.

Sufetan mace ce, ba ta kai 'yata ta fari ba, amma ta san aikinta. Ta sa aka kawo wa Abari kujera mai laushi. Alhaji ya shigo ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya ya zauna. Na ba da labari tun daga yankewar siminti har gangar ƙarfe. Ta saurara, ta ce shaidata tana da ƙarfi, amma a gidan likita amalanke aka rubuta, kuma mai raunin ne ya faɗa da bakinsa. In ya gyara maganarsa yanzu, za ta bi masa har inda ƙarfinta ya ƙare. Ba ta ɓoye ba, ta ce abin zai taɓa Alhaji, tunda bai rubuta ma'aikatansa ba.

Ta juya ta ce, “Baba Abari, ba mai tilasta maka. Mi ya karya maka ƙugu?”

Abari ya dubi Alhaji. Alhaji bai ce komai ba, bai ko ɗaga kai ba, carbinsa kawai yake ja. Da ya yi musu, da ya ce ƙarya muke, na tabbata da Abari ya yi magana. Shirun nan ne ya gama da mu.

Abari ya ce, “Madam, amalanke ce.”

Ta sake tambaya, ta ce ya yi tunanin iyalinsa. Ya maimaita. Ta ajiye alƙalaminta ta ce, “Baba, ni ba ni iya karɓo wa mutum haƙƙin da ya ce ba nashi ba ne. In ka sake shawara ka dawo, amma kada ka daɗe.”

A tashar mota na sauke masa duk abin da ke cikina. Na ce ya mayar da ni maƙaryaci a gaban yarinya, ya sayar da abincin 'ya'yansa don kunya. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Yaya Mamadu, mutumin da ya goya ni a bayanshi, in tsaya gaban hukuma in tona shi? Kuma in na ce rijiya ce, mutanen Bune su sha mi?”

Na ce, “Wa ya tura ka ramin kafin ya goya ka?”

Ya ja sandarsa ya nufi mota. Da muka iso Gure na yi watanni ban taka gidansa ba don haushi.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Abari ba wawa ba ne. Abin da aka koya masa ya riƙe, kuma a hannun Baba Kiyari abin da ya riƙe ɗin gaskiya ne. Amma kyautar maigida tana tafiya ne da lafiyarsa da kasuwarsa da tsawon ransa, haƙƙi kuwa ko maigida ya so ko ya ƙi yana nan. Mu mun ɗauka in ka nemi na biyu ka zagi na farko. Da Alhaji ya rubuta mu tun farko, da ba a kai ga sammaci ba, da asusun ne zai ɗauki Abari, shi kuma Alhaji ya ci gaba da kawo ragonsa ana gode masa. Daga baya da na fara karɓar ƙananan ayyuka da kaina, sai da na je aka rubuta duk wanda zai sauka mini rami. Abokan sana'a suka yi ta yi mini dariya, wai Mamadu ya zama nasara, wato Bature.

Alhaji ya rasu bayan wasu shekaru. Magada suka raba abin da ya rage, suka rufe kantin, suka koma Damagaram. Ba su san Abari ba, kuma ba wanda zai ce sun yi laifi. Ɗan hatsin da ke zuwa da azumi ya tsaya. Falmata ta cire babban ɗansu daga lakwal ta tura shi bin masu kanwa.

Wata safiya ina gyaran igiya a zaure sai na ji ƙarar sanda a ƙofa. Abari ne, ya sa rigarsa ta salla, ya jawo ƙafar nan tun daga bayan kasuwa. Ya ƙi zama. Ya ce in tashi in raka shi Damagaram wajen Madam, yanzu ya shirya.

Na riga na tambayi Malam Isufu tun ranar da aka yi jana'izar Alhaji, na san amsar. Na ce wa Abari wa'adin ya wuce da daɗewa, wanda za a kira ya amsa kuma yana ƙasa. Ya tsaya yana kallona kamar bai ji ba. Sannan ya jingina da bango, ya sulale a hankali har ya zauna a kan tabarma, ya miƙe ƙafar da hannunsa.

Ya ce, “Yaya Mamadu, ba amalanke ba ce. Rijiya ce ta kama ni.”

Na ce, “Na sani, Abari. Ni na zaro ka.”

Ya ce, “To, na dai faɗa.”